Wai su daina cin kifin mana

Tun daren jiya maganar nan take ci min rai. Ana hira a majalisa kan gubar da ke cikin kifin 'yan ƙabilar Chippewa, mutanen asali na Amurka, sai wani ɗan'uwa ya ce, "To su daina ci mana, dole ne?" Haba malam! Su ne suka zuba gubar?

Mutanen nan sun bar wa gwamnatin Amurka ƙasarsu a yarjejeniyoyin 1837 da 1842 da 1854, bisa sharaɗin za su ci gaba da kamun kifi da farauta. Sai a 1983 kotu ta sake tabbatar musu da haƙƙin a jihar Wisconsin. An mayar musu da kifin, amma da zaiba a naman.

Hayaƙin kwal ne yake ɗauko ta, ruwan sama ya sauke ta a tafki, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, tana taruwa. Ba a wanke ta, suya ba ta kashe ta, ƙwaƙwalwar ɗan tayi take taɓawa. Sinadarin PCB, wata gubar ta masana'antu, tun 1979 aka hana yin sa, har yau yana kwance cikin laka. A 2021 Wisconsin ta ce ƙananan kifin smelt na tafkin Superior kada a ci fiye da sau ɗaya a wata, saboda PFAS, wasu sinadaran masana'antu masu guba.

Ku dubi 'yan'uwansu na ƙauyen Grassy Narrows a Kanada. Masana'antar takarda a garin Dryden ta tuttula wajen tan 9 na zaiba a kogi daga 1962 zuwa 1970. Aka rufe sana'ar kamun kifi, masunta suka zauna ba aiki, jikokinsu har yau suna fama da ciwon zaiba.

Za a ce ai GLIFWC, hukumar kula da kifi da namun daji ta 'yan Chippewa, tana fitar da taswira mai nuna tafkin da ya fi guba. Madalla, tana ceton yara. Amma taswira ba ta tsaftace ruwa. Wanda ya ɓata shi ne zai gyara, ba mai ciki ce za ta zauna tana ƙirga loma ba. Su daina ci su koma me, abincin gwangwani da ciwon suga?

Ni abin ma da ya hana ni barci, yaran da ke murza zaiba da hannu a wuraren wankin zinare a Zamfara. Ruwan wankin nan wane rafi yake gangarawa?