Wai mu ne 'yan hassada

Ni dai ban kama sunan kowa ba, amma akwai wani bawan Allah da ke yawo a titin gidan Zoo da facing cap a juye yana cewa duk mai sukar fim ɗinsa hassada ce ke cin sa. To malam hassadar me za a yi maka fisabilillahi?

Kai ka ce mana labarin zamanin da ne, kafin Turawa su ci Kano a 1903, mun yarda mun zauna, sai ga sarkin yaƙinka ya ɗaga takobi agogo na ƙyalli a hannunsa, a bayansa ga falwayar NEPA tsaye ƙiƙam, ƙasa kuma ledar fiya wata iska na wasa da ita, wlh sai da ƙanwata 'yar aji uku ta ce a mayar baya ta sake gani. Ana tsaka da hawan doki kana jiyo hon ɗin adaidaita sahu. Shi ma hassada ce ta danna shi ko?

Yarinyar da ka ce marainiya ce mai tallan awara ta tashi daga barci da gashin ido da jambaki raɗau. Bandejin jarumi a hannun dama aka ɗaura, ana canza sin ya yi hijira ya koma hagu.

Wanda ya fi ba ni haushi ma na labarin ne. Uban da muka ga an yi wa sallah an kai makwanci a zango na ɗaya, har da zaman makoki da kukan kishiyoyi, shi ne ya faɗo a zango na uku yana rabon gado, gadon wa oho, ba wanda ya razana a gidan, ko salati ba a yi ba. Ita kuma matar da duk rigimar ta taso a kanta rana ɗaya aka ce wai ta tafi Dubai karatu, shiru kake ji har yau. Mu dai mun san abin da ya faru a lokeshan, kuɗin aiki ta tambaya, Dubai ɗin kenan.

Kullum kukanka babu kuɗi, babu kayan aiki. Cire agogo nawa ake biya? Mai kwantiniti, wato mai lura kada wani sin ya saɓa wa na bayansa, da littafinsa da biro kawai yake buƙata, kai ka sallame shi ka ɗora ƙanin matarka wanda yana can yana TikTok ana ɗaukar sin. Rubutun ma a bakin kamara ake ƙarasa shi, shi ya sa jarumi ke kiran matarsa da suna biyu.

In ka ga dama ka turo yaranka su yi zagi a kwament kamar yadda aka saba. Episod na gaba yaushe ne ma? Na sayi data, ina so in ga ko marigayin zai sake aure.