Wai wadda ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa ba za ta koyar ba?

Tun jiya abin nan yake ci na wallahi. Wani mutum ne ya faɗa a wajen wani taro, wai bai kamata a bar wata baiwar Allah ta shiga aji tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ba tunda ita ma an taɓa kwantar da ita. Har tafi aka yi masa fa. Sannu babban likita, Allah ya ƙara basira.

To malam ka san Marsha Linehan? A 1961 tana 'yar shekara 17 aka kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa a garin Hartford na Amurka, wata 26 cur ta yi, tana yanka hannunta tana ƙona jikinta da sigari tana buga kai da bango, aka kulle ta ita kaɗai a ɗaki, aka yi ta jona mata lantarki a kai da sunan magani. Da kai ne mai yanke hukunci ai da shikenan an rufe babinta. Ita kuwa ta fito ta koma makaranta, 1971 ta gama digirin dakta a jami'ar Loyola ta Chicago, 1977 ta kama aiki a jami'ar Washington, kuma ta zaɓi marasa lafiyan da likitoci ke gudu, masu ciwon bodalayin, waɗanda ransu ke hawa da sauka kamar zazzaɓi, suna tsoron a rabu da su har su kai ga illata kansu.

Abin da ta gano shi ne in ka matsa wa irin wannan mutum da "ka canza, ka canza" sai ya ji zarginsa kake, in kuma ka tsaya lallashi kawai sai ya ga ba ka damu da wutar da yake ciki ba. Sai ta haɗa biyun, ka karɓe shi yadda yake kuma ka koya masa dabarun riƙe zuciya. Wannan ce hanyar jinyar da ta ƙirƙiro, ana ce mata DBT (Dialectical Behavior Therapy), binciken da ta fitar a 1991 ya nuna matan da aka yi wa sun rage cutar da kansu, kwanciyar asibiti ma ta ragu. Wadda aka taɓa kwantarwa ce fa ta yi wannan. Wadda aka kwantar!

Na san za a ce ai Baturiya ce, ko ai ɗaya ce cikin dubu. Ku riƙe abinku. Ciwo bai san fata ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni, sai a 2011 ta iya faɗa a bainar jama'a, tana shekara 68, a asibitin da aka kulle ta ɗin. Shekara 50 farfesa guda tana ɓoye labarinta saboda bakin mutane irin wannan. Ku yi tunanin 'yar uwarku da ba ta da digiri ko ɗaya.

Af, ku kuma masu kallon bidiyon minti biyu a TikTok ku tashi kuna kiran duk tsohon saurayi narsisis, wato mai ciwon son kai da ji da kai, har da uwar miji, naku zancen na nan tafe, bari a kawo wuta in yi caji.