Mashayin giya na buƙatar inda zai yi magana asirinsa a rufe

Shekara huɗu ke nan da muka kai wani ɗan'uwana asibiti cikin dare, jikinsa na karkarwa, yana ganin abin da ba ma gani, har dangi sun fara zancen iska da sammu. Da likita ya tambayi yaushe rabonsa da giya, sai muka yi tsuru-tsuru, domin mutum ne mai iyali da ba ya wasa da jam'i. Ashe ya daɗe yana sha a ɓoye, kuma kwana uku kafin nan ya yi rantsuwa ya daina rana ɗaya, shi kaɗai. Ranar na san cewa wanda jikinsa ya saba da giya ƙwarai, yankewa kwatsam ba kulawar likita na iya jawo masa farfaɗiya da gushewar hankali, har da rasa rai.

Asibiti ya wanke masa jiki, amma bayan sallama sai ya koma gida da ƙishirwarsa da kunyarsa, ba wanda zai iya gaya wa cewa yau zuciyarsa na raya masa komawa. A nan nake ganin muka gaza. Hisbah na farfasa kwalabe a Kano, malamai na wa'azi, kuma haramcin giya ba abin jayayya ba ne, to amma wanda ya riga ya faɗa ciki, ina za shi? Sau da yawa amsarmu gidan mari ce, alhali ba mu manta yadda 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 ba, wasunsu da sasari a ƙafa.

Abin da ya riƙe ɗan'uwana shi ne zaman masu neman daina sha, wanda wata ma'aikaciyar jinya ta nuna masa yadda zai shiga ta waya. Ƙungiyar da ke shirya irin wannan zama, Alcoholics Anonymous, ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa idan ɗaya ya zauna ya saurari ɗaya, kowannensu kan iya kai dare bai sha ba. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman cikakken suna, sharaɗin kawai shi ne mutum ya so dainawa. Akwai zaman da kowa ke iya halarta, akwai wanda mashaya kaɗai ke shiga, sabon zuwa kuma yana iya yin shiru ya saurara har ranar da bakinsa ya buɗe. Ba a sa shi alkawarin har abada; ana ce masa ya riƙe yau kawai, sannan ya nemi wani da ya riga shi tsayuwa, wanda zai kira idan sha'awa ta taso. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta auna bincike 27 da suka shafi mutane fiye da 10,000, ta ga cewa shirin da ke haɗa mutum da irin wannan zama bai gaza sauran hanyoyin ba da shawara ba, wajen daina sha gaba ɗaya ma ya kan fi su.

Na san wasu za su ce abin na Nasara ne, kuma gaskiya ne tushensa na da alaƙa da wata ƙungiyar Kirista. Shi ya sa Musulmi a birnin Baltimore na Amurka suka kafa ƙungiyar Millati Islami a 1989, suka gina matakai goma sha biyu na daina sha da Alcoholics Anonymous ke bi a kan Alƙur'ani da Sunna. Mu ma muna da hujja a gida. A cikin Sahihul Buhari, wani sahabi da aka sha yi wa haddi saboda giya, da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Suturta ɗan'uwa koyarwarmu ce, kuma a kanta wannan zama ya dogara: abin da aka ji a ɗakin ba ya fita.

Ga mai nema, ina ba da shawarar ya fara da likita, a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko sashen taɓin hankali na asibitin koyarwa na Aminu Kano, kuma kada ya fito bai tambayi inda masu irin lalurarsa ke haɗuwa ba. Idan babu a garinsu, ana yin zaman ta Zoom dare da rana, yana iya kashe kyamara. Matan mashaya da iyayensu su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, tun 1951.

Damuwata ita ce mafi yawan waɗannan zama da Turanci ake yi, direban tirela ko mai shan burkutu a ƙauye ba zai amfana ba. Ina roƙon likitocinmu da limamanmu su ba da ɗaki guda sau ɗaya a mako, mai ƙofar da ba ta kallon titi, su bar masu lalurar su zauna da Hausa, ba mai ɗaukar hoto, ba mai rubuta suna. Ɗan'uwana ya ce in an samu ɗakin, shi zai riƙa zuwa da wuri ya shimfiɗa tabarma.