Duk wanda aka caje a hanya, a ba shi takardarsa

Jama'a, akwai maganar da muka daɗe muna kauce mata a Arewa, wato yadda 'yan sanda ke tare mutane a hanya suna caje su. Da an taɓo ta sai wani ya ce yanzu ba lokacinta ba ne, ga 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, ga masu ƙwacen waya sun hana mutanen Kano sakat, wa zai tsaya ƙorafi don an laluba masa aljihu? A 2020 ma da matasan Kudu suka fito zanga-zanga kan SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, da yawanmu cewa muka yi matsalarsu ce, har gwamnonin Arewa suka fito suka ce rundunar tana da amfani a yankinmu.

Ni ina cikin masu son a yi binciken. Duk wanda ya ga uwar da aka kawo wa gawar ɗanta saboda waya, ba zai ce a hana ɗan sanda tsayar da adaidaita sahu da dare ya leƙa ƙarƙashin kujera ba. Ana samun wuƙaƙe, ana samun ƙwaya, ana ceton rayuka. Amma a tsayar da ɗa mai 'yanci a bainar jama'a, a ce ya ɗaga hannu, a zazzage masa jaka, wannan iko ne babba, kuma mun damƙa shi a hannun mai bindiga a kafaɗa ba tare da mun tanadi mai duba yadda yake amfani da shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar tana nan. A watan Satumba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da asalinta ke komawa 1943, zamanin Turawa. Dokar ta ce kafin ɗan sanda ya caje ka, sai ya kasance cikin kaki ko yana ɗauke da katin shaidarsa a fili, ya faɗa maka sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin da ya sa yake zarginka. Ta ce launin fata, ko shekaru, ko aski, ko sutura ba su isa zama dalilin zargi ba, haka nan ba hujja ba ce a ce "ai mutanen nan an san halinsu". Mace ce ke caje mace. Sannan ta zo da abin da na fi so mu riƙe: idan an gama, a rubuta abin da ya faru, jami'in ya sa hannu, wanda aka caje ya sa hannu, a ba shi kwafi.

To ina tambaya, a cikin masu karanta wannan rubutu wa aka taɓa miƙa wa wannan takarda?

Abin da muka sani daban ne. Tayoyi biyu, ganga ɗaya, katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi. Tun daga nesa direba ya rage gudu, ya ƙudundune ɗari biyu a tafin hannu, ya zuro hannun ta taga kamar zai gaisa. Ba a buɗe but ba, ba a duba fuskar kowa ba, an ja katako. Motar da ke bayansa, wadda direbanta bai miƙa komai ba, ita za a ce ta faka gefe, fasinjoji su sauka, a kwance buhun wata tsohuwa har ƙasa. Idan akwai saurayi mai tara gashi ko mai babbar waya, shi ne abin kallo: buɗe wayarka, waye wannan, ina ka samu wannan kuɗi. Ku duba da kyau, wannan ba zalunci kaɗai ba ne, ɓaraka ce a tsaro. Motar da ta biya ɗari biyu ta wuce, ita ce mai safarar makamai zai shiga, domin ya fi kowa sanin farashin shinge.

Ba ƙage nake wa kowa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2019, cikin mutum uku da suka yi hulɗa da ɗan sanda, ɗaya ya ba da cin hanci ko an nema a wurinsa. Kuma abin ba ya tsayawa a kuɗi. 'Yan kasuwar Apo shida da aka kashe a Abuja a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, bayan shekara goma sha biyu iyalansu suna zarya. Lauya Bolanle Raheem, ranar Kirsimetin 2022 aka harbe ta a shinge a Ajah da ke Legas, tana cikin mota da iyalinta.

Umarni kam mun sha ji. Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ce a cire shingaye a 2012. Sufeto Janar Mohammed Adamu, a farkon Oktoban 2020, ya hana SARS da ire-irenta tare hanya da binciken wayoyin mutane, mako guda bayan nan aka rushe ta baki ɗaya. Kowane sabon shugaba da nasa sanarwar, bayan 'yan makonni ganguna su dawo. Sanarwa ba ta aiki ne saboda babu yadda za a gane wanda ya karya ta.

Nan ne amfanin takarda. Yau idan aka ci zarafinka, kana da inda za ka kai kuka: akwai sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da tsarin mulki ya ba ta ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Amma da ka je, tambayar farko ita ce wane jami'i ne, yaushe, a ina. Kai kuwa cocila aka haska maka a ido, mutumin ya rufe sunansa da riga, motarsu ba lamba. Magana ta zama taka da tasa, kuma mun san wanda za a gaskata. Da akwai takarda mai suna da lamba da lokaci da dalili, da rabin shari'ar ta ƙare. Ɗan sandan da ya san sai ya rubuta dalili da hannunsa zai yi tunani kafin ya tare mutum, domin ba zai iya rubuta "na ga ya yi kama da Bafulatani" ba. Wannan sashe na dokar namu ne fiye da yadda muke zato. Saurayin Bafulatani da ake saukewa daga mota saboda kamanninsa, da ɗan Arewa mai tafiya ci-rani Kudu da ake jerawa a rana don kawai ya fito daga bayan tirela, su dokar ke karewa.

A birnin New York na Amurka an ga abin da rubutu ke iya yi. Da yake 'yan sandan can suna cike fam, aka gano cewa a 2011 kaɗai sun tare mutane fiye da sau 685,000, kuma kusan tara cikin goma an sallame su ba a same su da komai ba, mafi yawansu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka. Da waɗannan alƙaluma aka je kotu, a 2013 alƙali ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Zuwa 2017 adadin ya sauko ƙasa da 12,000, kisan kai kuma bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Da ba a rubuta ba, da har yau musu ake.

Sai maganar horo. Ba na ganin laifin kurtun kaɗai. Yaron nan ɗanmu ne, daga unguwanninmu ya fito. An kai shi kwaleji 'yan watanni, an koya masa fareti da riƙe bindiga da "an gama, ranka ya daɗe", an tura shi titi. Waɗanda suka ga hotunan Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja da gidan talabijin na Channels ya nuna a 2013, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar bazata, sun san irin wurin da ake renon waɗanda muke so su mutunta mu. A 2019 an kafa asusun musamman da doka ta ware wa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya don horo da kayan aiki. Ina so in ga wannan kuɗi a makarantun horar da 'yan sanda na Kaduna da Maiduguri da Wudil, a aji inda ake gwada wa kurtu yadda zai yi sallama, ya faɗi sunansa, ya bayyana dalili, ya kwantar da hankalin wanda ya fusata ba tare da ya ɗana kunama ba. Sajan da ya shekara ashirin a titi shi ma a dawo da shi, domin kafin dokar aka horar da shi.

Amma horo ba zai tsinana komai ba muddin kuɗin shinge yana hawa sama. Tun 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana yadda ƙananan jami'ai ke kai wa manyansu kaso. In aka kama kofur yana karɓar na goro, aka kore shi, aka bar wanda ya tura shi a kujerarsa, an datse reshe ne an bar saiwa. Duk shingen da aka samu da laifi, a tuhumi baturen 'yan sandan yankin tare da yaransa.

Roƙona ga kwamishinonin 'yan sandan jihohinmu: ba sai kun jira Abuja ba. Ku buga littafin rasit mai kwafi biyu, da Hausa da Turanci, ku ba kowace motar sintiri. Duk wata uku ku fito ku faɗa wa jama'a mutum nawa aka caje a kowace ƙaramar hukuma, nawa aka samu da makami, ƙorafi nawa ya shigo, jami'i nawa aka hukunta. Gidajen rediyonmu su karanta wannan sashe na doka da Hausa har direban tasha ya haddace shi. Lauyoyinmu kuma su ɗauki ƙarar mutum ɗaya da aka caje ba a ba shi takarda ba, su kai ta gaban alƙali.