Wa ke da ikon tuhumar hedimasta?

A Ingila, inda nake zaune, kowace makarantar da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma tana da majalisar gudanarwa wadda doka ta ce mambobinta kada su gaza 7, kuma aƙalla 2 daga cikinsu iyaye ne da sauran iyayen yara suka zaɓa. Wannan majalisa ce ke ɗaukar shugaban makaranta aiki, ita ce ke amincewa da kasafin kuɗi. Idan kuma shugaban ya kori ɗalibi korar dindindin, wajibi ne ta zauna cikin kwana 15 na karatu ta saurari iyayen yaron, tana kuma da ikon mayar da shi aji.

A Najeriya ma muna da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda a rubuce ya fi na Ingila tattaro jama'a, domin ya haɗa mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da wakilan mata, da masu sana'a, har da ɗalibai. Iko ne kawai aka hana shi. Daga ofishin sakataren ilimi da hukumar SUBEB, mai kula da ilimin matakin farko a jiha, ake turo hedimasta, daga can kuma ake ɗauke shi, saboda haka bai ga dalilin jin tsoron iyayen yara ba matuƙar yana da uwa a gindin murhu. Kwamitin sai ya koma na tara gudummawar gyaran rufi da sayen alli, alhali ba shi da hurumin tambayar dalilin da ya sa malami bai shiga aji ba. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan talakan ƙauye, tunda mai hali ya daɗe da kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi.

Tsarin Ingila ma yana da nasa aibin. Tun daga dokar 2010, makarantu da yawa sun fita daga hannun ƙananan hukumomi sun koma ƙarƙashin gidauniyoyi masu riƙe da makarantu da dama, muryar iyaye kuwa ta ragu. Ko a inda ake zaɓen, galibi masu ilimi da sarari ne ke tsayawa, baƙi irinmu ba kasafai ake ganinsu ba.

Duk da haka akwai abin da ya cancanci a ɗauka. Tun 2011 gwamnati ke ba makarantu ƙarin kuɗi kan kowane yaro daga gidan marasa ƙarfi, tare da wajabta musu wallafa yadda suka kashe shi a shafinsu na intanet. A Najeriya, dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimi a matakin farko, amma uban da ke Ƙiru ko Gummi ba shi da hanyar sanin nawa ne ya iso makarantar ɗansa. A ra'ayina, a fara da liƙa lissafin a bangon ofishin hedimasta, da Hausa, sannan a wajabta jin ta bakin kwamitin kafin a naɗa hedimasta ko a canja masa wurin aiki.