Fiyanon Injiniya Mai Murya Goma Sha Takwas

Alhaji ya zo rumfar mai gyara karɓar rediyonsa, sai ya tarar da Sarkin Kiɗa zaune a benci da kalangu a hammata, shi kuwa Injiniya ya duƙufa yana zane a bayan kwalin sukari.

ALHAJI: Injiniya, yau mako uku ke nan da na kawo maka rediyona, ga shi kuma na iske ƙarfen dalmarka ya yi sanyi kamar ruwan randa.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, fiyano nake tsarawa wanda ba zai yi kiɗan komai ba sai na wasannin bidiyo na da, irin waɗanda muke hura wa kaset iska kafin su tashi. A hagu zan dasa aisi, wato ɗan guntun kayan lantarkin da ke fitar da sauti, na Famicom, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wanda muryoyinsa biyar ne cif.

SARKIN KIƊA: Biyar kacal? Ni ko suna aka gayyace ni, ba na fita da ƙasa da mutum bakwai.

ALHAJI: Shi ya sa ban gayyace ka sunan ɗana ba.

INJINIYA: Biyu daga ciki suna da tsiwa kamar algaita, su ke ɗaukar waƙar. Ta uku tana riƙe gindin kiɗa, amma ba a iya ƙara mata ƙarfi ko a rage, ko dai ta yi kuka ko ta yi shiru. Ta huɗu ba ta san komai ba sai shuuu, da ita ake kwaikwayon ganga da fashewar bam, ta biyar kuma tana maimaita ɗan guntun sautin da aka naɗa.

SARKIN KIƊA: Wadda ba a iya rage mata murya ɗin nan na san ta, sanƙirana ne.

INJINIYA: Saboda ƙarancin muryoyin, duk lokacin da ɗan cikin wasan ya yi tsalle sai a janye murya guda daga kiɗan ta yi ƙarar tsallen, sannan ta komo inda ta tsaya. To, ni zan sa maɓalli na musamman wanda aikinsa ke nan, domin kiɗan da ba ya yin wannan giɓi ba na asali ba ne.

SARKIN KIƊA: Wato ana tsakiyar waƙa sai ka aiki ɗan amshi sayen goro, kuma da gangan.

INJINIYA: A tsakiya zan sa aisin SID, wanda Bob Yannes ya tsara wa kwamfutar Commodore 64 ta 1982. Muryoyinsa uku ne, saboda haka masu tsara kiɗa suka koya wa murya ɗaya ta riƙa tsallake-tsallake tsakanin amo uku da saurin gaske, har kunne ya ɗauka mutum uku ne ke busa tare.

ALHAJI: Dakata, mutum ɗaya ya yi aikin uku, a kuma sallame shi da ladan mutum ɗaya? Wannan Bature ya san darajar kuɗi. Nawa ake sayar da aisin?

INJINIYA: An daina ƙera shi tuntuni, ranka ya daɗe. Wani kamfanin Suwidin mai suna Elektron ya taɓa gina na'urar kiɗa a kansa, SidStation, kuma da aisin ya ƙare dole aka tsaya. Yanzu sai dai a farke tsohuwar kwamfuta a ciro, kuma da wuya ka sami biyu masu amo iri ɗaya.

SARKIN KIƊA: Mu ma haka muke yi, sai akuya ta mutu kalangu yake samun baki.

INJINIYA: A dama kuma aisin Yamaha mai murya shida da ke cikin Mega Drive ta kamfanin Sega ta 1988, sai muryoyi huɗu na Game Boy ta 1989. Idan aka haɗa, goma sha takwas ke nan, kowace da abin murɗawarta.

ALHAJI: Ɗazu ka ce daɗin abin yana cikin ƙarancin muryoyi, yanzu kuma ka tara mini maroƙa goma sha takwas a akwati ɗaya. Miƙo mini rediyona in tafi.

Injiniya ya zaro rediyon daga ƙarƙashin tebur, ya kaɗe ƙura, ya murɗa. Babu abin da ya fito sai shuuu.

ALHAJI: Ai haka yake yi ranar da na kawo shi!

INJINIYA: Murya ta huɗu ke nan, ranka ya daɗe, kuma ta fito tsaf. Saura goma sha bakwai, idan za ka ba da wani abu na kafin alƙalami.