A Manchesta an tambaye ni ko muna da wasan kwaikwayo a gida

Wata Baturiya ce ta yi mini tambayar a teburin wani wasa da muka zauna yi a birnin Manchesta na Ingila, fuskarta a sake, ba da mugun nufi ba. Wai ko a ƙasarmu akwai wasan da mutum ke shiga rigar wani ya yi magana da bakinsa? Ni da na tashi a Ƙaura Namoda, na yi tashe har gemun auduga ya saba da haɓata. Na yi murmushi kawai, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Bari in kwatanta muku wurin, don ba irin abin da muka saba gani ba ne. A nan akwai shagunan shayi da ba shayin ke kai mutane ba. Bango daga ƙasa har rufi cike yake da kwalayen wasanni, ka biya kuɗin kujera ka zauna. Lokacin sanyi ne, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, yayyafi ba ya tsayawa, kowa ya shigo sai ya rataye jiƙaƙƙiyar rigarsa a bakin ƙofa. Kuma ba yara ba ne. A teburinmu akwai direban bas mai furfura, da ma'aikaciyar jinya, da abokin aikina da ya ja ni zuwa wurin. Wasan sunansa Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, yau kuma yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saya a 1999. Babu kwamfuta a ciki. Kowa da takarda da fensir, ya ƙirƙiri mutumin da zai wakilta: mayaƙi, ko ɓarawo, ko mai warkarwa, ko mai sihiri. A takardar an rubuta ƙarfinsa, zafin namansa, juriyarsa, basirarsa, hikimarsa da kwarjininsa, kowanne da lamba. Mutum ɗaya shi ne uban wasa, shi ke ba da labari: ga ku a bakin kogo, ga ƙofar ƙarfe, kun ji motsi a ciki, me za ku yi? In ka ce za ka ɓalle ƙofar, sai ka jefa wata ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20, a haɗa da lambar ƙarfinka. In ta kai abin da uban wasa ya yanke, ƙofa ta ɓalle. Kafin wani ya ce caca ce, ko sisi ba a zubawa. Zancen sihirin ma ba mu muka fara ƙyamarsa ba, a shekarun 1980 wasu malaman coci a Amurka sun yi ta tsine wa wasan.

To, ni mayaƙi na ɗauka. Mun shiga kogo, an yi artabu, aka yi wa mutumina mugun rauni. Muna da kwalbar magani guda ɗaya tak a jakar tafiya, wadda dukanmu muka haɗa kuɗin cikin wasa muka saya. Mai warkarwa ta ce a miƙo. Uban wasa ya ce babu kwalba a jaka. Ashe tun da farko saurayin da ya ɗauki ɓarawo ya rubuta 'yar takarda ya tura wa uban wasa ta ƙarƙashin kofin shayi, ya jefa ƙwaya, ya sace. Muna kallonsa, yana kallonmu, ya ƙi fito da ita. Mutumina ya mutu a nan, na zauna sauran daren ina juya fensir. Da na ce masa ai tare muka shigo kogon, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka halin mutuminsa yake, ɓarawo ne, shi ba ya fita daga hali.

A nan ne Baturiyar ta sa baki, wai tana rarrashina. Ta ce ta lura ni kullum sai in raba ganima daidai, in jira dattijon direban ya fara magana, wai ban shiga hali sosai ba, wataƙila don abin sabo ne a al'adarmu.

Kun dai san kalankuwa. A tamu, bayan an kai amfanin gona gida, akwai sarki, akwai alƙali, akwai dogarai, kuma ba a rasa wanda zai yi sata. Amma don me yake satar? Don a kama shi. Yana ɗauke hular wani a gaban kowa, ya ruga, dogarai su samu abin bi, alƙali ya samu shari'ar yankewa, 'yan mata su samu abin shewa. Ya shiga hali har ka rantse gadon sata ya yi, ga rantsuwar ƙarya, ga kukan munafunci, amma duk motsinsa aiki yake ba sauran. Ɓarawon da ya saci hula ya ɓoye ta a rumbu ya koma gida ya kwanta, wannan ba ɗan wasa ba ne, kuma baɗi ba mai kiransa. Haka mai yin tsoho a tashe: ya ranƙwafa, ya yi ta karkarwa da sanda, amma kunnensa na kan 'yan amshi. In ya zarce su, masu gida ba za su ba da hatsi ba, kowa ya yi asara.

Wannan saurayi kuwa shi ya zauna da fensirinsa ya rubuta mutuminsa. Ba wanda ya ɗora masa. Ɓarawo a wasan nan aikinsa buɗe kwaɗo, gano tarko, da yi wa abokan gaba sanɗa, shi ya sa ake tafiya da shi. In ma yana son ya sace mana, da ya bar wata alama da za mu gane, a yi rigima, a yi tonon silili, dare ya yi daɗi. Sai ya zaɓi satar da ba wanda ya ci moriyarta sai shi, ya fake da mutumin takarda. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Su ma Turawan sun san ciwon nan, har sun yi masa magunguna. Kafin a fara sabon labari sukan ware zama guda ba a wasa, sai yarjejeniya: shin an yarda 'yan tafiya su cuci juna, me ba a so a taɓo, wa ke son faɗa, wa ke son surutu. Wasu kuma na ajiye kati mai alamar X a tsakiyar tebur, duk wanda labari ya kai inda ba ya so sai ya taɓa, a tsallake wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ranar da na fara ganin katin dariya ta kusa ƙwace mini. Abin da gyaran murya ɗaya na sarkin samari ke yi, nan sai an buga kati. Ba zan hana su nasu ba, katin na taimakon baƙo da mai kunya, mu kuwa wajen rabon hatsin tashe manya kan danne ƙanana ba mai cewa uffan. Kuma ma'aikaciyar jinyar nan, da ta ɗauki wani tsohon maƙeri ta riƙe muryarsa daga farko har ƙarshe, ta burge ni ƙwarai. Amma mutanen da sai sun yi zaman yarjejeniya kafin su gane cewa wasa na jama'a ne, ba su ne za su tambaye ni ko mun san wasa ba. Jiran dattijo ya fara magana ma, ai mayaƙina ɗan gidan mutunci na yi shi.

Abu ɗaya da suka fi mu, kuma shi ya fi ci mini rai: nasu na nan. Mai furfura na fitowa cikin ruwa da dare ya zauna ya yi wasa, ya koma gida lafiya a motar haya. Mu tun can da an yi aure sai a ce girma ya kama, yanzu kuma ko yaran ba su samu ba. Na kira ƙanena don in tabbatar da wasu abubuwa na kalankuwa kafin in rubuta wannan, sai ya yi dariya.

"Yaya, wace kalankuwa kuma? Da an yi lisha kowa na cikin gida. Wanda sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, shi za ya yi bikin kaka?"

Ƙauyen da muke zuwa kallo rabinsa ya watse. Tun lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, aka rufe kasuwannin mako, wasu suka tashi ba su sake komawa ba. 'Ya'yansa ludo suka sani, shi ma a waya, kowa shi kaɗai a lungu. Na ce don Allah ya nemo mini wanda ke yin alƙali a zamaninmu, a ɗauki muryarsa yana bayanin yadda ake naɗa sarki da yadda ake yanke tara, ko da a waya ne. Ya ce mutumin ya koma Gusau da iyalinsa, yana tura ruwa a kura, amma zai tambayi masu zuwa can ko akwai mai lambarsa.